Rautar da Na Ɗaga Kan Gora

Ranar da na haifi ɗiyata Zulfa, ungozoma ba ta yi guɗa ba. Ta naɗe ta a zane, ta miƙa wa surukata Inna Mero, ta fita wanke hannu. Sai da na matsa sannan aka nuna mani ita. Leɓenta na sama a tsage yake ta gefen hagu, tsagar ta haura zuwa hanci, ta shige ciki har ganɗa. In ta kama nono sai ya dawo mata ta hanci, ta yi ta tari har idonta ya yi ja. Da ƙaramin cokali na raine ta, ina tatsa a kofi, ina ba ta tana zaune a cinyata. Wata goma sha huɗu muna haka.

Ba na nuna ta. Tun ranar suna na ga yadda mata ke ɗaga zanen su mayar da sauri, su ce Allah ya raya idonsu na kan bango, har wata ta ja ɗiyarta mai ciki waje don kada ta gani. Daga ranar, in fita ta kama dole, goyo nake yi in ja mayafi har kanta.

Babanta, Abdulgafar, yana Fatakwal yana sana'ar kayan gwari, sau biyu yake zuwa Faskari a shekara. Shi ya aiko mana da rauta don ya riƙa ganin ɗiyarshi. Wata 'yar farar na'ura ce, ba ta fi sabulun wanki girma ba, da layi a cikinta, da batir, da ɗan gilashi a fuska mai nuna lamba. Daga can yake sa mata data duk wata. Farkon zuwanta abin gwanin sha'awa, in ya kira sai ka ce yana bakin ƙofa. Bayan wata uku ta fara ja da baya. Fuskarshi ta tsaya cik baki a buɗe, muryar ta iso bayan ya gama magana, saƙon murya na minti ɗaya sai in ɗora ruwan zafi in sauke bai shigo ba. Muka ɗora wa kamfani laifi kamar kowa, muka ci gaba da haƙuri.

Abin bai tsaya mani a rai ba sai da aka kira ni daga Kano. Ashe malamar asibitin da ke yi wa Zulfa rigakafi ta tura sunanta ga wata gidauniya da ke ɗinke wa irin waɗannan yara baki kyauta. Wadda ta kira ta ce sunanta Malama Hafiza. Ta ce sun ga hotunan, amma hoto bai isa ba, sai likita ya ga cikin bakin da idonshi, ya ga yadda take numfashi da yadda take haɗiya. Likitocinsu kuma ba su zuwa ɓangarenmu saboda hanya, don haka ta kiran bidiyo za a yi, ranar Laraba ta sama, ƙarfe huɗu, kowane yaro minti goma. In ya gani ya gamsu, akwai gado a watan gobe. In bai gani ba, za a wuce ga na gaba a jerin, sai kuma baɗi. Ta maimaita mani sau biyu in tabbatar sabis ɗina na da kyau.

Da na faɗa wa Inna Mero, ta yi hamdala, sannan ta kama hannuna ta ce kada kowa ya ji. Ta ce abinci in bai nuna ba ba a buɗe tukunya. Ta tuna mani kujerar Makka da marigayi Baba, mijinta, ya samu, ya faɗa a masallaci don murna, bai kai ga ganin jirgi ba ciwo ya kwantar da shi. Baki, in ji ta, ya fi wuƙa kaifi, kuma yarinyar nan ta sha baki tun tana kwana bakwai. Ban yi mata musu ba. Ni ma abin da ke raina ke nan.

Na fara tunanin in tafi Funtua ranar, inda sabis ke da ƙarfi. Baban Zulfa ya hana. A satin an tare motoci sau biyu, ya ce gara leɓe a tsage da uwa da ɗiya a daji. Layin wayata kuwa ko gaisuwa da ƙyar yake kaiwa a unguwarmu. Saura rautar.

Ranar Alhamis na ɗauke ta na kai wa Bilya, mai shagon caji da gyaran waya a bakin kasuwa, magidanci ne da furfura ta fara taɓa gemunshi. Ya jujjuya ta, ya ce lafiyarta lau, ya tambaye ni a ina take kwana. Na ce cikin kabad, a ƙuryar ɗakin Inna, bayan kwanukan samira, saboda ɓarayi da kuma yara masu shigowa. Ya aje abin da ke hannunshi ya yi dariya, ya ce ashe kulle muka sa ta. Ya ce sabis ba ya shiri da ƙarfe, ba ya ratsa katangar ƙasa mai kauri, ga rufin kwano a sama, ga duwatsu tsakaninmu da ƙarfen sabis na bakin hanya. A fito da ita fili, a ɗaga ta sama iya ɗagawa, ta fuskanci gabas. Kada a bar ta ta yi zafi, a riƙa kashe ta na ɗan lokaci kowace safiya a kunna. Bayan magariba kuwa duk gari na kan ƙarfen sabis ɗaya, ko me na yi sai ta yi nauyi, amma ƙarfe huɗu ba laifi.

Sai ya sa yatsa kan ɗan gilashin.

"Wannan lambar fa, Maman Zulfa, kin san ko ta mi ce?"

Na ce ƙarfin sabis ne. Na ce in na ga ta kai ashirin nakan yi hamdala in yi sauri in kira babanta kafin ta sauka, amma abin haushi a lokacin ma ta fi yin nauyi.

Ya ce yawan wayoyin da ke shan datarmu ne. A shagon lambar ɗaya take nunawa, wayata ke nan.

Mutum ɗaya na taɓa ba lambar sirrin shiga rautar. Suwaibatu ce, maƙwabciyarmu da katanga ta raba mu, waɗanda ɓarayin daji suka taso daga Tafoki shekara biyu da suka wuce da abin da kai ya iya ɗauka. Ta leƙo wata rana ta ce in sa mata a wayarta tana son jin muryar 'yan uwanta da suka watsu, kamar dai yadda take leƙowa ɗiban wuta. Na so in ƙi, Inna Mero ta ce ba a hana maƙwabci wuta, ba a hana shi ruwa, wannan ma haka. Suwaibatu ta ba mijinta, mijin ya ba 'yan majalisar da ke zama kan dakali bayan katangarmu, su kuma kowa da ƙaninshi da abokinshi. Na lura dakalin ya cika a 'yan watannin nan har ana kawo benci, na ɗauka inuwar darbejiya ce ta jawo su.

Bilya ya canza lambar sirrin nan take, ya rubuta mani sabuwar a takarda. Da zan fita ya ce in dai sanar da maƙwabta, don mutane sun fi jin zafin abin da aka ba su aka karɓe. Na ce to. A raina na ce kwana shida ne, ranar Alhamis in mayar masu da tsohuwar, babu wanda zai mutu.

Ranar Juma'a, maza na masallaci, na zare doguwar gora daga rumfar awaki. Na wanke wata robar fenti mai murfi, na huda gindinta da ƙusa mai zafi don iska, saboda damina ce kuma ba na son ruwa ya taɓa ta. Na ɗaura zoben ƙarfe a kan gorar, na zura igiya kamar ta guga, yadda zan sauko da robar in yi caji a sola in sake ja ta sama. Na haƙa rami a kusurwar tsakar gida ta gabas, Inna Mero ta riƙe mani, na kafa, na danne da duwatsu. Gorar ta zarce katanga da kamu shida.

Da la'asar na kira Fatakwal. Na ga zufa a goshin babanta, na ga tumatir a bayanshi ɗaya bayan ɗaya, har da ruɓaɓɓen da ya ware gefe. Zulfa ta kai hannu tana dukan gilashin wayar tana dariyarta mai fita ta hanci. Na haska bakinta da tocila na ce ya faɗa mani abin da yake gani. Ya ce yana ganin komai har ciki, sai ya juya fuska kamar wani ya kira shi. Lambar da ke jikin rautar ɗaya ce duk ranar.

Da safiyar Asabar Suwaibatu ta taka turmi ta leƙo.

"Maman Zulfa, abin naku ya lalace ne? Tun shekaranjiya ba ya kama mani."

Na ce gyara ake yi. Ta ɗaga kai ta dubi robar da ke lilo a sama, ta dubi wayar da ke hannuna tana shigo da saƙo, ta ce to Allah ya gyara, ta sauka. Da yamma majalisar ta zauna kamar kullum, amma babu kiɗan waya, babu shewa. Ina jin muryoyinsu ƙasa ƙasa. Wani ya ce gidan Abdulgafar an buɗe kamfani, saura a sa mai gadi. Wani ya ce a'a, tuta ce, an ci zaɓe. Can sai dutse ya bugi robar, aka yi dariya. Na sauko da ita na duba, ba abin da ya same ta, na mayar.

Ranar Lahadi aka ɗauke manoma uku a gonakin hanyar Tafoki. Ɗaya ƙanin Suwaibatu ne, wanda ya koma ya duba masararsu. Ba su fi awa ɗaya da isa ba ɓarayin daji suka zo, kuma abin da ke bakin kowa ke nan: wa ya faɗa masu? A garinmu wannan tambayar ba ta kwana ba ta sami kan da za ta sauka ba. Kowa na tuna shekarar da aka datse sabis gaba ɗaya saboda masu ba ɓarayin daji labari, muna hawa dutse da waya a hannu kamar masu neman wata. Kuma na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. A wani ƙauye kusa da garin iyayena an taɓa fita da wani mai tallan burodi a kan zance irin wannan, matarshi har yau ba ta san ko ta yi takaba ba.

Na goya Zulfa ranar Litinin na shiga yi wa Suwaibatu jaje. Tsakar gidan cike da mata, babu wadda ta matsa mani a tabarma. Na durƙusa daga gefe na yi addu'a. Suwaibatu idonta ya kumbura, ba ta dube ni ba, ta ce wa wadda ke kusa da ita ranar Asabar ta so ta tura wa yaron saƙo kada ya je, an ce ana ganin babura ta wajen, saƙon ya ƙi tafiya.

"Wasu sun rufe mana," ta ce, "Allah kaɗai ya san wa suka buɗe wa."

Na so in yi magana. Na ji nauyin Zulfa a bayana, na tuna saura kwana biyu. Na ce Allah ya bayyana shi, na tashi. Da na faɗa wa Inna Mero ta ce zafin rashi ne, zai wuce, mu dai mu kama bakinmu.

Ranar Laraba da hantsi ina yi wa Zulfa wanka aka yi sallama da ƙarfi. Inna ta fita, ba ta dawo ita kaɗai ba. Malam Gide ne, shugaban 'yan sa-kai na unguwarmu, da mutum biyar da bindigoginsu na gida, suka shigo har tsakar gidan matan aure ba wanda ya ce a kauce. Na ja zane na rufe yarinyar da kumfa a jikinta. Ɗaya ya sa adda ya datse igiyar, robar ta faɗo, wani ya cafe. Suka jijjige gorar suka kwantar. Malam Gide ya miƙo hannu ya ce waya. Ya ce Mai Unguwa na nemana.

A zauren Mai Unguwa, Baba Yahya, aka zaunar da mu a ƙasa ni da Inna, maza sun jeru jikin bango. Aka aje rautar da wayata a tabarma gabanshi. Tambayoyin ba su da yawa, maimaita su ake yi. Me ya sa na ɗaga na'ura sama da katangar kowa? Me ya sa na rufe wa unguwa kwana uku kafin a ɗauki mutane? Lambar wa ce wannan da ke kirana, da ba ta mijina ba, ba ta kowa a garin nan ba? Na ce don sabis ya yi ƙarfi ne. Malam Gide ya ce ai sun sani, abin da suke tambaya shi ne ƙarfin na kai wa wa. Na dubi Inna Mero. Kanta na ƙasa, ta girgiza shi kaɗan yadda ni kaɗai zan gani.

Na ce a tambayi Bilya, shi ya ba ni shawara. Aka aika aka zo da shi, ya tsaya bakin ƙofa hular a hannu. Ya ce shi dai ya ce a fito da ita daga kabad, a ɗora kan taga ko makamancin haka, bai san zancen gora ba. Lamba kuwa mai abu ta ce a canza, ya canza, sana'arshi ce, bai tambayi dalili ba, har ma ya ce mata ta sanar da mutane. Ban ga laifinshi sosai ba. Yana da 'ya'ya huɗu da shago a bakin hanya.

Aka tashi sallar azahar aka bar mu da mai gadi ɗaya, aka dawo. Zulfa ta fara kukan yunwa, cokalinta da kofinta na gida. Na ji wani a waje yana cewa a daina ɓata lokaci a kai ta bayan gari ta yi bayani. Agogon bangon zauren ya nuna biyu da rabi.

Na kwance goyon. Na cire mayafin, na juyo da ita ta fuskanci maza, tana kuka bakin a buɗe, ba abin da ya ɓoyu. Wasu da ke zaune a wurin shekara guda suna jin labari ba su taɓa gani ba. Wani ya ce subhanallahi, wani ya tofar da yawu ta ƙofa. Na faɗi komai, gidauniyar, Malama Hafiza, likita, ƙarfe huɗu, minti goma. Inna Mero ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Sai Malam Gide ya gyara bindigarshi a kafaɗa.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma wannan ba hujja ba ce, Baba. Infoma ma na haihuwa."

Baba Yahya ba mugun mutum ba ne, so yake kowa ya tashi da ɗan abin da zai riƙe. Ya ja carbi, sannan ya yanke hukunci. In gaskiya likita zai kira ƙarfe huɗu, to ya kira nan, gaban kowa, kowa ya ji da kunnenshi. Na'ura ta zauna nan kan tabarma inda ido ke ganinta. Kuma a mayar da tsohuwar lamba yanzu, don jama'a su san babu abin da ake ɓoye masu.

Na roƙe shi. Na ce ko kan katangar zauren ne a ɗora ta, lambar kuma a bari sai ƙarfe biyar, da hannuna zan ba kowa. Malam Gide ya ce a ji fa, har yanzu sama take so, kuma har yanzu a rufe. Aka miƙa wa Bilya wayata. Ya san abin da zai faru, ya fi kowa sani a wurin. Ya duƙar da kai ya mayar da tsohuwar lambar, ya aje, ya ce ya bar shago ba kowa.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa za a kira infoma gaban Mai Unguwa. Mutane suka fara taruwa, ƙofar zauren ta toshe, wasu a taga, wasu bayan katanga, mata a cikin gidan Baba Yahya suna leƙe ta labule. Kowa da waya a aljihu, kuma kowace waya ta san tsohuwar lambar. Ba sai an taɓa ta ba, da ta ji rautar take kamawa da kanta, ta fara jawo duk abin da ya taru mata na kwana shida, bidiyon biki, wa'azi, wasan barkwanci, hotunan da aka turo tun ranar Juma'a. Ina zaune ina kallon ɗan gilashin. Tara. Goma sha shida. Ashirin da bakwai.

Saura minti biyar na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba gaban maza.

"Don girman Allah, ku kashe wayoyinku. Minti goma kawai. Ku zage ni bayan nan, ku yi mani duk abin da kuka ga dama. Minti goma."

Baba Yahya ya ce a kashe. Na cikin zauren suka kashe, wasu har suka aje a tabarma don in gani. Na waje rabi ba su ji ba, rabi suka ce ai ba su taɓa komai ba, ga wayar nan a aljihu. Wani ta taga ya ce dabara ce, so take a kashe don kada a ɗauki muryar mutumin nata. Lambar ta sauko goma sha tara ta tsaya.

Ƙarfe huɗu da minti biyu wayar ta yi ƙara. Fuskar Malama Hafiza ta fito, ta yi sallama, sai ta daskare da hannu a sama. Da ta motsa, likitan ne a wurin, wani dattijo mai gilashi, yana cewa in kwantar da yarinyar a cinyata in haska. Aka miƙo tocila na ba Inna, hasken na yawo daga hanci zuwa haɓa. Zulfa ba ta taɓa ganin mutum goma a wuri ɗaya ba, ga sama da arba'in sun sunkuyo kanta. Ta sandare tana ihu. Na danne hannayenta da gwiwar hannuna, na sa yatsa na buɗe bakin, na kai wayar har tana taɓa leɓen. Ta cije ni da haƙoranta huɗu, ban cire ba.

"Ba na ganin komai, Hajiya," in ji likitan, muryar na yankewa. "Duhu da ja kawai. Ki tsaya wuri ɗaya."

A wuri ɗaya nake. Kiran ya yanke. Suka sake kira, hoton ya fito dabbare dabbare kamar zanen da ya yi zuba, ya tsaya, ya yanke. Na ɗauki rautar na ɗaga sama da hannu ɗaya iya tsawona, Malam Gide ya ce in aje inda Baba ya ce. A kira na uku murya kaɗai ta zo. Likitan ya tambayi nauyinta, na faɗa, ya tambaya ko tana yawan ciwon kunne, na faɗa. Ya ce ba zai iya sa yarinya a jerin masu aiki ba bai ga ganɗar ba, ba don mugunta ba, don lafiyarta. Malama Hafiza ta ce ta ƙara mani minti uku a kan na kowa, akwai yara goma sha ɗaya a bayana, in yi haƙuri. Duk zauren ya ji wannan sarai, don murya ba ta yanke ba.

Baba Yahya ya ce alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta, kowa ya ji likita ne. Ya ce kada ya sake jin wani ya kira matar Abdulgafar da wannan suna. Malam Gide ya ce in yafe, aikinsu ne, da na yi bayani tun farko da ba a kai nan ba. Mutane suka fara duƙawa suna ɗaukar wayoyinsu. A waje ta wani ta gama jawo abin da take jawowa, kiɗa ya tashi, aka yi dariya, wani ya ce yau ga sabis. Aka ba ni wayata. Rautar kuwa Baba Yahya ya ce ta kwana biyu a wurinshi har zukata su huce. Zulfa ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta yi barci a kafaɗata da jinin yatsana a haɓarta.

Washegari da safe na hau tudun bayan makarantar firamare inda layina ke ɗan kamawa, na kira Malama Hafiza. Na ce ko yau, ko gobe, ko ƙarfe nawa ne, zan zo Funtua da ƙafa in ta kama. Ta ce likitan kwana ɗaya ya ba su, jerin ya rufe jiya da yamma, gadon an ba wani yaro daga Bakori. Ta ce sunan Zulfa na nan, ba za a goge ba, baɗi war haka za su sake kira. Na tambaye ta maganar fa, yarinyar ta fara haɗa baki tana son cewa Inna. Ta ce za ta fara da hanci, kuma abin da yaro ya saba da shi yana da wuyar gyara ko bayan an ɗinke, amma ana dacewa. In ci gaba da cokali, in kula da kunnenta, kada nauyinta ya sauka.

Har za ta kashe, sai ta ce tana da shawara ɗaya, kada in ji haushi. Ta ce baɗi in yi ƙoƙari in shirya da wuri, in nemi wurin da sabis ke da kyau, kuma in rage mutane a kusa, don hayaniyar ta yi yawa jiya.

Na ce to, in Allah ya kai mu.